Babi na Biyar: Abin da Ya Faru a Nadroga

Fiji ƙasa ce ta tsibirai a kudancin tekun Pasifik, gabas da Ostireliya, kuma mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Ta karɓi 'yancin kanta daga hannun Ingila a 1970. A babban tsibirinta, Viti Levu, akwai wani lardi da ake kira Nadroga, inda jama'a ke noman rake da rogo da gwaza, suna kamun kifi, suna cin abinci da kwakwa. A wajen 'yan asalin wannan wuri, cikar jiki ita ce kyau, ga namiji da mace. Idan baƙo ya zauna a gaban akushi, masu gida ba sa barinsa sai ya ci ya ƙara. Idan mutum ya fara ramewa, magana ce ta dangi gaba ɗaya: ko dai ba shi da lafiya, ko kuma ba a kula da shi, wanda kuma abin kunya ne ga mutanen gidansu. Har rashin son cin abinci suna lissafa shi a cikin cututtuka, suna da saiwoyi da ganyayen da suke jiƙa wa mai fama da shi don cikinsa ya buɗe.

Duk Bahaushen da ya karanta wannan zai ji kamar labarin garinsu ake ba shi. Dalilin da ya sa na ɗauko shi ke nan.

Wata likitar ƙwaƙwalwa daga Jami'ar Harvard ta Amurka, Anne Becker, wadda kuma ta karanci ilimin al'adun jama'a, ta fara zuwa Fiji tun a shekarun 1980. Ta zauna cikin mutanen, ta rubuta littafi a kan yadda suke kallon jiki da abinci. A lokacin, cututtukan nan na ƙin cin abinci don tsoron ƙiba kusan ba a san su ba a ƙasar. Sai a 1995 talabijin ta isa Nadroga. Tasha ɗaya ce tal, kuma mafi yawan abin da take nunawa daga Amurka da Ingila da Ostireliya da New Zealand aka sayo shi: Beverly Hills 90210, Melrose Place, Xena da makamantansu. Matan da ke cikin waɗannan shirye-shirye sirara ne, masu kuɗi, masu aikin ofis da motoci, masu faɗa a ji.

Makonni kaɗan da zuwan talabijin, Becker da abokan aikinta suka yi wa 'yan mata 63 na makarantun sakandaren yankin tambayoyi, masu kimanin shekara 17. A cikinsu babu ko ɗaya da ta ce tana sa kanta amai don kada ta yi ƙiba. A 1998 suka koma makarantun, suka yi wa wasu 'yan mata 65 tambayoyin. Wannan karon kashi 11 cikin 100 sun ce suna tura yatsa a maƙogwaro bayan cin abinci. Akwai wani ma'auni na tambayoyi 26 da likitoci ke amfani da shi don gano wanda ke cikin haɗarin cutar; waɗanda makinsu ya haura iyakar haɗari sun tashi daga kashi 12.7 zuwa kashi 29.2. Kashi 74 suka ce suna jin sun yi girma ko ƙiba da yawa, kashi 69 kuma sun taɓa rage cin abinci da gangan. An buga sakamakon a 2002 a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya. Shekara uku kacal tsakanin ziyarar farko da ta biyu.

Dole a yi wa wannan bincike adalci. 'Yan matan ba su da yawa, kuma ba waɗanda aka tambaya a farko ba ne aka sake tambaya. Sannan ba talabijin kaɗai ce ta shigo Nadroga a shekarun ba; otal-otal na masu yawon buɗe ido suna ƙaruwa a bakin teku, aikin albashi yana maye gurbin noma, 'yan mata suna neman abin yi. Amma abin da 'yan matan suka faɗa da bakinsu ya fi alƙaluman nauyi a wurina. Da aka zauna hira da wasunsu, ba maganar samun saurayi ce ta fi yawa ba. Sun ga matan cikin akwatin suna da aiki, suna da 'yanci, ana girmama su, sai suka haɗa wannan rayuwa da sirantar jikinsu. Yarinyar da ubanta manomin rake ne ba ta da hanyar sayen mota ko tafiya Amurka. Abu guda da ke hannunta shi ne lomar da za ta kai baki, sai ta fara daga nan.

A 2007 Becker ta sake komawa, ta tambayi 'yan mata 523. Fiye da huɗu cikin kowane goma suka ce a watan da ya gabata sun yi wani abu don fitar da abincin da suka ci, da yawa kuma da magungunan gargajiya na wankin ciki suka yi. A wannan zagaye ne aka gano abin da ya kamata kowace uwa ta sani: ba sai yarinya tana da talabijin a gidansu ba. Idan ƙawayenta suna kallo, ya isa. Ra'ayin yana bin hira, yana bin zolaya a hanyar makaranta, ya iske wadda ba ta taɓa kunna akwatin ba. Saboda haka uban da ya ce ya hana waya a gidansa, ya huta, bai huta ba tukuna.

Cututtukan da ake magana a kansu suna da sunaye a littattafan likitanci tun da daɗewa. Anoreksiya ita ce mutum ya riƙa hana kansa abinci har ya rame ramar da ke barazana ga ransa, alhali shi yana ganin bai rame ba. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa mata suna a 1873, a shekarar da Charles Lasègue ya bayyana ta a Faris. Bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a Landan a 1979, ita ce mutum ya ci abinci mai yawa a zama ɗaya ba tare da iya tsayar da kansa ba, sannan kunya da tsoro su sa ya yi amai ko ya sha maganin zawo. Mai bulimiya sau da yawa jikinsa daidai yake, shi ya sa takan yi shekaru a ɓoye. Gimbiya Diana ta Ingila ta faɗa a hirarta da BBC a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da ita. Ta uku ita ce cin da ba tsayawa ba tare da amai ba, wadda littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya amince da ita a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda take kashewa, su ne suke kashe kansu. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter zuciyarta ta tsaya a 1983 tana da shekara 32, bayan shekaru tana fama.

Tambayar da iyaye suke yi a ko'ina ita ce: to me ya hana ta ci? Ga abinci a gabanta, ba talauci ba ne, ba ciwon ciki ba ne. Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga wani gwaji da aka yi a kan maza masu ƙoshin lafiya, ba 'yan mata ba.

A ƙarshen 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin jiki da abinci a Jami'ar Minnesota mai suna Ancel Keys ya so ya san yadda za a farfaɗo da miliyoyin mutanen Turai da yunwa ta galabaitar. Ya zaɓi samari 36 daga cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, bayan an tantance lafiyar jikinsu da ta hankalinsu. Wata uku ana ba su abinci isasshe. Daga nan aka rage musu kusan rabi na tsawon mako 24, ana ba su dankali da burodi da taliya da kabeji sau biyu a rana, kuma kowane mako sai sun yi tafiyar kusan kilomita 35 a ƙasa. Suka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, suna jin sanyi ko da rana, ƙafafunsu suka kumbura. Wannan duk an yi tsammaninsa.

Abin da ya faru da hankalinsu shi ne ya girgiza masu binciken. Samarin da a da ba ruwansu da madafa suka koma tara littattafan girki, suna karantawa da dare. Hira ta abinci, mafarki na abinci. Wani zai yanka ɗan abin da aka ba shi gutsi-gutsi ya yi awa biyu yana ci. Wani ya zuba ruwa a miya don ta yi yawa a ido. Wani ya ɓoye rabonsa ya kai ɗaki. Suka zama masu saurin fushi, masu baƙin ciki, suka daina son shiga mutane, sha'awar mata ta mutu. Ɗaya daga cikinsu ya sare yatsunsa uku da gatari. Da aka sake musu abinci, wasu suka riƙa ci har su yi amai, su koma su ci, kuma an ɗauki watanni kafin cinsu ya daidaita. Keys ya buga sakamakon a 1950 a cikin manyan juzu'ai biyu.

Duk wanda ya taɓa zama da mai anoreksiya zai gane waɗannan halaye ɗaya bayan ɗaya: yanka abinci ƙanana, girka wa mutane ita ba ta ci, keɓewa, fushi, sanyi. Ma'ana, da yawa daga abin da muke ɗauka taurin kai ne ko iyayi, aikin yunwa ne a kan ƙwaƙwalwa. Yarinya takan fara da niyyar rage kilo biyu ko uku. Idan tana cikin waɗanda jininsu ke ɗauke da saurin kamuwa, domin cutar tana bin gado kamar yadda binciken tagwaye ya nuna, sai yunwar ta karɓe ragamar. Daga nan faɗa da gori da duka ba sa kai wa ga inda matsalar take. Haka kuma cin da ba tsayawa da ke biyo bayan matsananciyar yunwa ba zari ba ne. Jiki ne yake ƙoƙarin ceton kansa. Wannan ya sa mafi yawan masu hana kansu abinci da tsanani don su rame suke dawo da nauyin da suka rasa, wani lokaci har da ƙari, sannan su zargi kansu da rashin ƙoƙari.

Idan muka dawo gida, namu lamarin ya fi na Fiji sarƙaƙiya, domin 'yarmu ta gefe biyu ake ja.

Gefe na farko tsoho ne. Rebecca Popenoe, wadda ta zauna da Larabawan Azawak a arewacin Nijar, ta bayyana a littafinta na 2004 yadda ake fara ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun daga lokacin da haƙoranta na fari suka fara faɗuwa, har jikinta ya yi nankarwa, nankarwar kuma a ɗauke ta ado. A Muritaniya ma akwai wannan ɗura, a Kalaba kuma Efik suna da ɗakin da ake killace amarya a kiwata ta kafin biki. Mu Hausawa ba ma ɗura, amma bakinmu yana yi. Amarya ta zo ganin gida, abin da za a fara dubawa shi ne ko ta ciko: "Masha Allah, aure ya karɓe ki." Idan ba ta ciko ba: "Ke kuwa lafiya? Ko ba ya ba ki abinci ne?" Tun da cutar ƙanjamau ta bayyana, rama ta ƙara ɗaukar wani zargi mai muni, har mace siririya ta shiga taro a bi ta da ido.

Daga wannan matsi ne kasuwar "sha ka fashe" ta samu. Abin da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi da ruwan kwalba yawanci ɗayan biyu ne, ko duka a haɗe. Akwai sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke buɗe ciki yana sa barci. Akwai kuma deksametason, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa ga asma mai tsanani da kumburi, a ƙayyadadden lokaci. Wadda ta ɗauki watanni tana shan deksametason za ta ga fuskarta ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannaye da ƙafafu kuwa suna sirancewa saboda tsoka tana narkewa. Mutane su ce ta yi kyau. A ciki kuwa sukarin jininta yana hawa, hawan jini yana shigowa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana faɗuwa, al'ada tana rikicewa. Kuma ba a daina shi rana ɗaya: jiki ya riga ya dakatar da yin nasa sinadarin, idan aka yanke kwatsam mutum na iya faɗuwa rai a hannun Allah. Sai likita ya riƙa rage shi sannu a hankali. Ina roƙon duk wadda take sha ta riƙe wannan.

Gefe na biyu sabo ne, kuma a waya ya zo. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, jaridar Wall Street Journal ta buga. A ciki, binciken kamfanin da kansa ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram, manhajar kamfanin, yana ƙara musu. 'Yan matan Nadroga tasha ɗaya suka kalla, da yamma, a tsakiyar dangi. 'Yarmu a Kano ko Maraɗi tana kallon ɗaruruwan hotunan da aka gyara da manhaja, ita kaɗai, a ƙarƙashin bargo. Kuma surar da ake tallata mata ba ta yiwuwa ga yawancin 'yan Adam: ciki a shafe, ƙugu siriri, mazaunai da ƙirji a cike. Mai sayar da maganin ƙarin mazaunai ita ce dai mai sayar da shayin rage tumbi, a shafi ɗaya. Yawancin irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin zawo. Zawo ba ya taɓa kitse, domin kafin abinci ya kai babban hanji jiki ya riga ya tsotse amfaninsa. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda zuciya ke dogara da shi wajen bugawa daidai. Amai ma haka yake yi, ya ƙara da cinye haƙora da ƙona maƙogwaro.

Ba ina cewa ƙiba ba matsala ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma ciwon sukari da hawan jini sun cika asibitocinmu. Wanda likita ya ce ya rage, ya rage: a bar lemon kwalba, a rage sukari a shayi da fura, a rage mai a miya, a yawaita ganye da wake, a yi tafiya a ƙasa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da likitoci suke ɗauka daidai. Wannan neman lafiya ne, mutum yana ci yana ƙoshi yana barci. Abin da nake magana a kai shi ne yunwa da amai da ƙwayoyi don idon mutane.

Akwai wata fuska ta cutar da ta fi wuyar ganewa a wurinmu. A 2004 wasu likitoci suka buga binciken da suka yi a kan 'yan mata 668 na makarantun sakandare a karkarar Ghana. Sun sami goma da suka rame ƙwarai ba tare da wata cuta ta jiki ba, illa hana kai abinci. Babu wadda ta ce tana tsoron ƙiba. Da addini suka bayyana abin da suke yi, da kame kai da neman tsarki. A gidajenmu yarinyar da ke jera azumin nafila, ta sha ruwa da dabino ɗaya ta ce ta ƙoshi, ta tsallake sahur, yabo za ta sha. Azumi ibada ne mai girma, ba shi nake zargi ba. Amma shari'ar da ta zo da shi ita ce ta hana ɗora azumin yau a kan na gobe ba tare da buɗa baki ba, ta kwaɗaitar da sahur, ta ɗauke wa mara lafiya. Malamin da aka kawo wa irin wannan yarinya yana da babbar dama ya ceci rai, idan ya duba jikinta kafin ya yaba ƙoƙarinta.

Alamun ba su ɓuya ga mai lura. "Na ci a makaranta." "Na ƙoshi." "Cikina ne ke ciwo." Kullum da dalilin da zai hana ta zama a kan faranti da 'yan'uwa. Tana shiga bayi da zarar an gama ci. Tana sa manyan kaya a kan juna, tana jin sanyi a watan Afrilu. Gashi yana zuba, al'ada ta ɗauke, jiri yana ɗibarta idan ta miƙe. Ko kuma abinci yana ɓacewa daga madafa da dare, da safe a ganta cikin kunya. Samari ma suna kamuwa, musamman masu motsa jiki da ke neman tsoka, kuma su ne aka fi makara a kansu. A irin wannan hali gidaje da yawa sukan fara tunanin iska ko sammu. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, babu mai hanawa, amma a haɗa da asibiti a mako guda, kada a jira.

Cutar tana warkewa, kuma gwargwadon saurin kamata, gwargwadon sauƙin maganinta. Hanyar da ta fi tasiri ga matasa an samar da ita ne a asibitin Maudsley na Landan, kuma ginshiƙinta iyaye ne: ba a zarginsu, ba a zargin yarinyar, sai a koya wa uwa da uba su zauna da ita a kowane cin abinci, cikin haƙuri da tsayuwa, har jiki ya dawo, hankali ya biyo baya. Mu da muke cin abinci a faranti ɗaya mun riga mun mallaki rabin wannan magani. Sai dai wadda ta rame ƙwarai ba a cika mata ciki a gida da gaggawa, domin abinci mai yawa bayan doguwar yunwa yana rikita gishirin jini har ya tsayar da zuciya. A ƙarƙashin kulawar likita ake farawa.

Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, haka ma babban asibitin ƙasa na Yamai. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Iyaye mata, gwaggwanni da yayye, ku daina gaishe da 'ya'yanmu da maganar sun rame ko sun yi ƙiba. Ku tambaye su lafiyarsu da karatunsu. Idan kuwa kun ga yarinya tana suma, ko zuciyarta tana bugawa ba daidai ba, ko tana aman jini, ko ta ambaci kashe kanta, ku kai ta asibiti a ranar, kada ku bari sai gobe.